Sawun Ragon Mai Unguwa

Da na dawo daga Fatakwal na tarar garinmu ya sake. An rufe tsohuwar rijiya an kafa famfon sola, ƙofar gidanmu ta zama shagon cajin waya, yayana Sallau kuma ya zama Mai unguwa, har da 'yan sintirinsa masu riga iri ɗaya. Abin da bai sake ba shi ne bin sawu: in dabba ta ɓace, duk ƙofar da sawunta ya tsaya, maigidan ne ɓarawo.

Ban daɗe ba ragon Sallau ya ɓace, sawu ya tsaya a ƙofar Tanimu mai injin niƙa. 'Yan sintiri suka kulle shi, aka ce bayan la'asar za a zaga kasuwa da shi, sannan ya bar gari.

Na ce, "Yaya, tsarin mulki ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda."

Ya ce, "Kai baƙo ne, Ɗanjuma. Huta."

Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinmu, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ranka ya daɗe mai sabon rawani, zauna ka ji abin da ya sami Jimina."

Ya zauna, don ba a yi wa Gwaggo musu.

Ta ce, "An yi zamanin da Jimina ke sarautar tsuntsaye. Ran nan ƙwanta ya ɓace, aka bi ɓawo har bakin ramin Bushiya. Jimina ta ce a toshe ramin da ita a ciki. Sai Belbela ta ce, 'Allah ya ja zamaninki, kada ki yi irin ta manomin nan.' Jimina ta ce, 'Yaya ya yi?'

"Belbela ta ce, 'Wani manomi ne ya ga geronsa ya ragu, ya bi tsabar da ta zuba har zauren maƙwabcinsa. Bai ce masa komai ba, ya cinna wa dangarsa wuta. Da ya koma gida matarsa ta nuna masa huda a gindin buhun da ya goyo jiya, lokacin da ya biya gaida maƙwabcin. Tsaba ta faɗi inda gero ya bi, amma ba ta faɗi wanda ya ɗauke shi ba.'

"Jimina ta sa aka kira Bushiya, ta ce Gauraka ya yi shari'ar, tunda ƙwan nata ne. Bushiya ta nuna musu saɓar macijin da ya kwana a bakin raminta, aka gane shi ya sha ƙwan."

Gwaggo ta hure ɓawon gyaɗa ta ce, "Kai kuwa rago naka, masu kamu naka, hukunci ma naka. Ko Jimina mai ɗan kai ta san ta matsa gefe."

Sallau ya ce a kawo Tanimu, ya tambaye shi.

Tanimu ya ce, "Mai unguwa, ragonka kullum yana ƙofata yana lasar dusa. Ko yau ka bi sawun awakin garin nan, duk wurina za su kai ka."

Sallau ya ce, "Tafi gida, ka yafe mini. Gobe zan kai rahoto caji ofis, su bincika. Gwaggo, na ji."

Ragon dai har yanzu ba a gan shi ba, ni kuma ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Ina ɗaure jaka Gwaggo ta leƙo ta ce, "Kai da tsarin mulkinka, ka bar mana shi a gida, kada ka sake tafiya da shi."