Gawo Ba Ya Kaucewa

Akwai wani ɗan kokawa a garin Guci, can ƙasar Dungas, sunansa Laminu. Jama'ar wannan shafi, in kun taɓa ganin mutumin da ƙarfi ya yi wa yawa har ya toshe masa kunne, to kun ga Laminu.

Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Kokawarsa kuma iri ɗaya ce tal: ya sa ƙirji ya tura, ya yi ta turawa har abokin karawa ya gaji ya zube. Tun da ya fara ɗaura walki ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

A wannan shekarar, da zarar an gama kaka an rufe rumbuna, za a haɗa 'yan kokawar Dungas da na Magariya a fage ɗaya, manya su zo daga Damagaram su zaɓi waɗanda za su tsaya wa jiha a gasar takobi, babbar kokawar ƙasa da ake ba zakaranta takobi. Laminu ya riga ya ga kansa a motar Damagaram tun ba a ɗaure ganga ba.

Mutum ɗaya ne a garin gabansa ke faɗuwa in an ɗauko zancen. Sadiƙu ke nan, ɗan ƙanin baban Laminu, abokin horonsa tun suna samari. Siriri ne, ba shi da kirari, makaɗa ba su san sunansa ba. Aikinsa kowace la'asar shi ne ya tsaya kan rairayin bayan gari Laminu ya tura shi. Amma wanda ake turawa kullum yana jin abin da 'yan kallo ba sa gani.

Abin da yake ji shi ne gwiwar Laminu ta dama. Duk lokacin da Laminu ya turo, sai ya ɗage diddigen baya, ya zubo nauyinsa kaf a kan ƙafar gaba. Tafin ƙafar ya nutse cikin rairayi yana kallon gaba, gwiwar kuwa ta karkace ciki tana rawa. Rawar nan takan biyo ta hannun Laminu har cikin ƙirjin Sadiƙu.

Ba haka kawai Sadiƙu ya iya jin irin wannan ba. Akwai wani tsoho a unguwarsu, Baba Ukasha, wanda ya yi shekaru yana dafa wa Shinuwa, wato Sinawa, abinci a wani shantiye, wurin aikin gina hanya. Wani dattijo a cikinsu ya koya masa motsa jikinsu da suke kira taici. Da ya dawo gida sai ya ci gaba da abinsa kowace safiya a gindin tsamiya, yana ɗaga hannu a hankali yana saukewa. Mata masu zuwa rijiya suna cewa tsufa ne ya taɓa shi.

Wani ɓangare na abin sai da mutum biyu ake yi. A haɗa wuyan hannu da wuyan hannu, ɗaya ya turo sannu a hankali, ɗayan ya juya ƙugu ya bar ƙarfin ya wuce, sannan ya mayar. Ciwon baya ne ya fara kai Sadiƙu wurin, daga baya ya zama ba ya fashi.

"Ƙarfi daga tafin ƙafa yake tasowa," in ji Baba Ukasha. "Ƙugu ya juya shi. Hannu ɗan aike ne, aikinsa sauraro. Ita kuwa gwiwa, inda babban yatsa ya kalla nan za ta kalla. Ba ta wuce shi, ba ta karkace masa."

Ranar da ya ji wannan, Sadiƙu ya matso kusa da tsohon. Ya kwashe labarin gwiwar Laminu ya faɗa masa.

Baba Ukasha ya ce, "In ya turo, me kake yi?"

"Tarewa nake, Baba."

"Kullum?"

"Kullum. Yo in na kauce ai faɗuwa zai yi."

"To kai ne kake masa ƙarya, ɗana. Ka saba masa da danna ƙyaure a kulle. Ranar da ya tarar ba sakata, da fuska zai shiga ɗaki. Ka kauce masa sau ɗaya kana riƙe da shi, ya ji da jikinsa. In ba ka yi ba, wani zai yi a Magariya, kuma shi ba zai riƙe shi ba."

Sadiƙu ya fara gwadawa da baki. Ya sami Laminu a ƙofar gida yana shan fura, ya tsuguna ya ce, "Yaya, gwiwar nan taka tana karkacewa in ka turo. Da ka riƙa ajiye diddigenka ƙasa."

Laminu ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. "Rawar Shinuwa ce za ta koya mini kokawa? Kai da tsohonka ku ci gaba da kamun ƙuda, ku bar maza su yi aikinsu."

Sai aka zo la'asar ɗin ranar kasuwa. Baƙi da yawa suka biyo bayan gari don su ga zakaran Guci yana horo. Sadiƙu ya so ya bari sai wata rana, amma ganga ta kusa, kuma ya san in ya ɗaga yau ba zai taɓa yi ba.

Laminu ya sa ƙirji ya turo. Diddige ya tashi. Sadiƙu ya juya ƙugu kawai, ya damƙe masa dantse da hannu biyu don kada nauyin ya faɗa kan gwiwar. Ƙaton nan ya wuce fuu, tafin hannunsa ya dafa rairayi.

Can wani baƙo ya tuntsire da dariya, saura suka ɗauka.

"Ka ji ko, Yaya?" Sadiƙu ya faɗa a hankali, har yanzu yana riƙe da shi. "Abin da nake faɗa maka ke nan."

Laminu bai ji komai ba sai dariyar. Ya miƙe, idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Sake."

To, 'yan kokawa suna da wata ƙa'ida da ko yaro ya sani. A fage ka kada mutum yadda ka ga dama. Amma a horo, in ka ɗaga abokinka, da hannunka za ka raka shi ƙasa, ba a saki. Shekara da shekaru Laminu bai taɓa karya wannan ba.

Ran nan ya sungumi Sadiƙu sama, ya juya shi, ya sake shi.

Ƙashin kafaɗa ya karye. Aka kwashi Sadiƙu a amalanke zuwa gidan maɗori. Laminu ko waiwaye bai yi ba, yana ta karkaɗe rairayi daga tafin hannunsa kamar wani ƙazanta ne ya taɓa.

Daga ranar babu saurayin da ya yarda ya tsaya masa. Wa zai ba da kafaɗarsa? Laminu ya ce oho, shi dama mutane sun yi masa laushi. Ya sami wani ƙaton gawo a bayan gari, ya ɗaure masa tsohuwar katifa, ya mai da shi abokin horo. Safe da yamma yana danna shi da ƙirji yana gurnani, har ƙafarsa ta haƙa rami a gindin.

Samari suka riƙa ɗaukarsa a waya suna watsawa, ana ta yaba zakaran da ke kokawa da itace. Ni kuwa na ce wannan ita ce wauta mafi girma da ya tafka, ta ma fi ta sakin Sadiƙu. Gawo ba ya kaucewa. Duk yadda ka zubo masa nauyi zai karɓa, ba zai taɓa faɗa maka ka yi kuskure ba.

Sadiƙu yana hangensa daga nesa, hannu rataye a wuya. Kullum ramin yana ƙara zurfi, kullum gwiwar tana ƙara shigewa ciki. A masallaci ya lura Laminu ya daina lanƙwasa ƙafar dama in an zauna tahiya, sai ya miƙe ta gefe. Warin man zafi yana tashi daga sahunsa. Daga baya sai ga laya an ɗaure a kan gwiwar da jan ƙyalle.

Tsoro ya hana Sadiƙu sukuni. Haushin kafaɗarsa yana nan, bai ɓoye wa kansa ba, amma tsoron ya fi haushin. Ana jibi tafiya Magariya ya taka har gindin gawon.

"Yaya, hannu ɗaya ya rage mini. Zo ka tura shi a hankali, in nuna maka inda za ka ajiye ƙafa. Wallahi ba don a yi maka dariya na yi ba."

Laminu ya share gumi, ya dube shi sama da ƙasa. "Ka kawo ɗayan ne a ƙarasa? Kauce mini, ai kaucewa ka iya."

Ranar kokawa Magariya ta cika ta batse. Sadiƙu ya hau bayan moto, wato babur, ya bi su Laminu, kowace gargada sai ya ji ta a kafaɗa. Ya kutsa har bakin fage ya tsuguna.

Aka haɗa Laminu da wani Rabilu, mutumin Sassumbrum, gajere, marar surutu. Makaɗa suna ta zuga Laminu yana zagaya fage yana kirari. Shi kuwa Rabilu yana tsaye, kafaɗunsa a sake, tafin ƙafarsa shimfiɗe a ƙasa. Ba fuskar Laminu yake kallo ba. Jan ƙyallen nan yake kallo.

Wani na kusa da Sadiƙu ya ce wa abokinsa, "Ai Rabilu ya ce ya kalli bidiyon gawon nan har ya haddace shi."

Sadiƙu ya kai dubansa kan gwiwar Laminu.

Aka kama. Laminu ya turo, Rabilu ya tare, ya ja da baya kaɗan. Fage ya ɗauki ihu. Ya sake turowa, Rabilu ya sake tarewa, har ya yi kamar zai durƙushe. Sadiƙu ya gane tarkon, domin shi ma haka ya yi ta tarewa shekara da shekaru. Ya miƙe yana ihu, "Diddige, Yaya! Ajiye diddige!" Ganga ta haɗiye muryarsa.

Laminu ya tattaro duk abin da ya tara a gindin gawo ya zubo. Diddige ya tashi. Rabilu ya juya ƙugu ya saki hannu.

Tafin ƙafar yana binne cikin rairayi yana kallon gabas, jikin ya tafi kudu. Ƙarar da gwiwar ta yi, har makaɗan da ke kusa sun ji ta. Ganga ta tsaya. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Kafin kowa ya motsa Sadiƙu ya riga ya shiga fage, ya cusa kafaɗarsa mai lafiya a ƙarƙashin hammatar Laminu.

A asibiti aka yi radiyo, wato hoton ƙashi. Lokotoro ya ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke. Zai taka, in Allah ya so, amma shi da fage sai dai kallo. Motar Damagaram ta tafi da Rabilu.

Sai da damina ta kawo kai sannan Laminu ya fara fita da sanda. Wata safiya Sadiƙu yana gindin tsamiya tare da Baba Ukasha, sai ga shi yana ɗingiso. Ya rame, wuyan nan ya zube. Ya gaida tsohon, ya daɗe a tsaye, sannan ya jingine sandar ya miƙo wuyan hannunsa.

Sadiƙu ya haɗa nasa. Hannun karayar ne, wanda ƙashinsa ya haɗe a karkace.

"Turo a hankali, Yaya."

Laminu ya turo. Sadiƙu ya juya ƙugu kaɗan, sai ga ƙaton ya tafi luu zai kifa. Ya riƙe shi. Suka sake, ya sake tafiya, ya sake riƙe shi. Laminu ya tsaya yana kallon ƙafarsa.

"Sadiƙu, duk shekarun nan haka nake?"

"Haka kake."

"Ashe ba tura ka nake ba."

"Jingina kake, Yaya. Ni ma da laifina, na daɗe ina tare ka ban faɗa ba."

Laminu ya kai hannu ya shafa ƙullin ƙashin da ya fito a kafaɗar Sadiƙu. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ajiye diddigensa ƙasa, ya daidaita gwiwar da babban yatsa, ya ce, "Riƙe ni, kar ka saki."

Sadiƙu bai saki ba.

Darasi: Wanda ya nuna maka rauninka yana riƙe da hannunka masoyinka ne, kada ka karya shi don an yi maka dariya. In ka kori masu faɗa maka gaskiya ka zauna da abin da ba ya musa maka, ranar da za ka ji gaskiyar a hannun wanda ba ya tausayinka za ka ji ta. Kai kuma da ka ga ɗan'uwanka yana karkacewa, faɗa masa da wuri, rufa masa ba ƙauna ba ce. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai danna gawo a cikinsu da bai sani ba.