Kwaɓin da Verna Ta Sayo a Kanti

Ardis maƙwabciyata ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da aka sallamo ni daga asibiti bayan aikin ƙugu. Tana ba ni tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba, kuma har yau raina bai huce ba. Ku karanta, 'ya'yana, ku gaya mini ko tsufa ne ya sa na cika fushi.

Akwai wata tsohuwa a nan garinmu na Nebraska, sunanta Verna Hruska. Shekara talatin da ɗaya tana cikin matan da ke girki a kicin ɗin cocinmu. Duk watan Nuwamba muna yi wa 'yan kwana-kwana walima, gari duka ya zo a ci miyar wake da niƙaƙƙen nama, da burodin kirfa a gefe. Verna dozin shida take kawowa, kuma nata ne ke fara ƙarewa.

Mijinta Delbert ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa. Kicin ɗin nan shi kaɗai ya rage mata da zai sa ta saka takalmi ta fita daga gida. Sai sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, suka lanƙwashe kamar citta. Murza kwaɓi ya gagare ta.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma sayen daskararren kwaɓi a kanti, irin na cikin leda. Ta bar shi ya saki a hankali, ta shimfiɗa, ta shafa bota, ta barbaɗa jan sukari da kirfa, ta naɗe, ta yanka da zare, ta kwarara madara mai kauri kafin ya shiga murhu. Shekara uku ana ci ana lashe yatsu.

To akwai Marlys Oberg, shugabar matan kicin. Ta iya girki, wannan ba zan hana ta ba. Amma irin matan nan ce da in ta yaba miki abinci sai kin duba ko akwai ƙaya a ciki. Wata rana ta je mayar wa Verna faranti, ta hango ledar kwaɓi a kwandon shara. Mace da girmanta ta sa hannu a sharar wata, ta ninke leda ta jefa a jaka. Ku ji fa.

Ranar taron shirin walima, mata goma sha huɗu suna zaune, Marlys ta zaro ledar ta shimfiɗa a tebur tana guge ta da tafin hannu.

Ta ce, "Verna, ƙawata, ki taimaka ki karanta mana sirrin burodinki. Ga shi nan a rubuce, har da hoto."

Verna ta ce, "Hannuna ne, Marlys. Ba ya murzuwa."

"Ayya. Ai da kin faɗa. Mu a nan abin da uwayenmu suka koya mana muke kai wa mutane, ba abin da inji ya tofo ba. Bana ki huta. In kina son taimako, ga cokula nan, a naɗe su a takarda."

Daga nan ta kafa doka: duk burodin da zai hau teburin walima sai wanda aka kwaɓa da hannu tun daga gari.

Verna ta ɗauki rigar sanyinta. Maɓallan suka ƙi shiga saboda yatsun, ta daɗe tana fama a gabansu, ƙarshe ta fita da rigar a buɗe cikin iskar nan ta Nuwamba. Mata goma sha uku suna kallo, ba wadda ta tashi ta saka mata maɓalli ɗaya.

Nan na tsayar da Ardis. Na ce, "Ke kina ina?"

Ta ce, "Ina zaune."

"Bakinki fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ai ni ma irinsa ne a firizata. Shekara takwas ke nan."

Kun ji inda gizo ke saƙa. Ashe fiye da rabin matan nan da kwaɓin kanti suke yi, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Wata aiki ya yi mata yawa, wata jikoki, wata kafaɗa. Da suka ga an kai ga tonon shara, kowace ta kama kanta. Takardar da ake liƙawa a bango a rubuta abin da za a kawo ta cika da miya, miya, miya. Wajen burodi sunan Marlys ne kaɗai, ga guda ɗari uku ana buƙata.

Girman kai rawanin tsiya. Maimakon ta janye dokar, sai Marlys ta ce ita kaɗai ta isa. Ta yi yini biyu tana murza, ta sami dozin bakwai, kafaɗarta ta dama ta ce ba ta san zance ba.

Ranar walima da sassafe ta tuƙa mota har garin gaba, inda ba a san fuskarta ba, ta ciko but ɗin motar da daskararren kwaɓi. Amma wanda ya raina abu ba ya koyon sa. Ta kunna murhu da wuta sosai ta jera su ciki don su yi saurin saki. Bayansu ya gasu ya yi ɓawo, cikinsu yana nan kamar dutse. Dunƙulen kwaɓi goma sha takwas, duk suka tashi a banza.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta buga ƙofar Verna. Walima ƙarfe biyar.

Ƙamshin kirfa ne ya fara tarbar ta. Faranti shida suna jere a kan tebur, an rufe da tawul, sun kumbura.

Marlys ta ce, "Wannan fa?"

"Na yaran kwana-kwana ne. Su suka ɗauko Delbert daga bayan gida ranar da ya faɗi. Ta ƙofar baya zan miƙa musu, ba zai taɓa teburinki ba, kada ki damu."

Marlys ta tsaya tana murza makullin mota. Da ƙyar ta faɗi abin da ta yi.

Verna ta ce, "A murhu mai zafi? Haba Marlys. Ai a bayan ledar an rubuta, har da hoto."

Ardis ta ce Verna da kanta ta gaya mata wannan, kuma wai ita ce kaɗai baƙar maganar da ta yi. Ni da ni ce, sai na yi goma.

Marlys ta ce, "Yanzu yaya za a yi? In koma kanti?"

"Kantin me? Akwai kwaɓi a firizar Ardis, da ta Joyce, da ta Lorna, da ta wasu matan kicin biyar da zan iya lissafa miki. Na san burodin kowa a baki. Ga waya can a bango. Ki kira su."

"Ke dai ki kira, sun fi jin maganarki."

"A'a. Bakin da ya kafa doka shi zai sauke ta. Ki ce musu kwaɓin kanti kike roƙo, ki faɗi sunansa sosai yadda za su ji."

Haka Marlys ta tsaya a kicin ɗin matar da ta kora, ta kira gida takwas. Joyce ta sa ta maimaita sau biyu, wai layin ba kyau.

Kafin sha biyu da rabi mata sun hallara a coci, kowace da ledarta a hannu, a fili. Verna ta zauna a kujera tana ba da umarni. A tsoma ledoji a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. A sa tukunyar ruwan zafi a ƙasan murhu a kashe wuta, tururin ya tayar da kwaɓi. In an shimfiɗa yana janyewa, a ƙyale shi ya huta minti goma, kada a yi kokawa da shi. Marlys tana can wajen famfo tana wanke faranti da hannun hagu.

Farantin ƙarshe ya fito biyar da kwata. An ci, an ƙoshi, ba wanda ya tambayi wa ya murza me.

Verna ta koma kicin ɗin coci, kuma yanzu ita ke rubuta wa kowa aikinsa. Amma kada ku ɗauka an ba ta haƙuri. Marlys ba ta furta ba, sauran ma haka, sai dariya da "ai komai ya wuce". Wannan ne ya hana ni huce. Ba don burodi ya kasa ba, da har yau Verna tana gida ita kaɗai, mata goma sha uku kuma suna barcinsu lafiya.

Washegarin da na ji labarin, da safe na sa Ardis ta kai ni gidan Verna, ina dogara sanda. Ban ce mata sannu ba, ta sha sannu. Na zauna a teburinta na ce Ardis ta sauko da duk kwalaben da ke cikin kabad, na zuma, na man gyaɗa, na tumatir, har na magani. Ƙuguna ne ya lalace, hannuna lafiya lau. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sassauta murfin kowace, na mayar a hankali yadda yatsa biyu za su buɗe. Guda ashirin da uku. Verna tana kallona ta ce, "Wata huɗu rabona da zumar nan." Na ce ta kawo cokali.

Darasi: Kada ka tona wa mutum asirin dabarar da yake rufe rauninsa da ita, domin ba ka san ciwon da ya kai shi can ba. In kuma an wulaƙanta wani a gabanka ka yi shiru don kare naka asirin, to da kai aka yi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san hannunsa ba ya rabo da sharar mutane.