Misalin Saniyar da Ta Yi Ciki

Ba abin da ke dawwama a duniyar nan, 'yan'uwa. Sai dai leda.

Akwai wani mutum mai gona ɗaya da saniya ɗaya. Gonar ce ke ba shi tuwo, saniyar kuma ke ba 'ya'yansa nono. Tun zamanin ubansa, takin turke ake kwashewa a kai gona da jaki, mangala bayan mangala, har rani ya ƙare. Mutumin ya ga wannan wahala ce. Sai ya ji ana kawo sharar birni a tifa, a juye wa mutum a gona cikin yini guda. Ya sa aka kawo masa.

Geronsa ya yi kyau a shekarar nan, ba za a yi masa ƙarya ba. Amma da aka yi girbi, sai ga leda ta fito ko'ina, baƙa da fara, tana kaɗawa a jikin kara. Ta alale ce, da ta ƙosai, da ta miyar da wani ya rage, duk da sauran gishiri da manja a jikinsu. Mutumin ya ɗaure saniyarsa a gonar don ta ci kara, kamar yadda aka saba. Saniya kuwa tana son gishiri, kuma ba ta taɓa zuwa birni ba.

Bayan 'yan watanni cikinta ya fara tasowa. Mutumin ya yi murna ƙwarai, gama ya kai ta wurin bijimin maƙwabcinsa da damina.

Matarsa ta ce, "Maigida, nonon saniyar nan ya ɗauke. Yau ƙaramin da ruwan koko ya kwana."

Ya ce, "Mai ciki ai haka take. Ke da kika haifi biyar, ni zan koya miki?"

Ta ce, "To, ni dai da nake da ciki ba a ƙirga haƙarƙarina daga bakin zaure ba."

Ya ce, "Ciki ne, in ji ni."

Gaskiya ya faɗa. Ciki ne. Ya kafa sabon turke saboda ɗan maraƙin da ke zuwa. Ya ƙara mata dusa, ta shinshina ta kau da kai, ya ce yanga ce irin ta masu ciki.

Wata safiya saniyar ta durƙusa, ta kasa tashi. Aka ruga aka kira mahauci kafin ta zama mushe. Da aka yanka, mutumin ya tsaya a kansa yana cewa, "Sarkin fawa, bi a hankali, akwai ɗa." Mahaucin ya farke tumbin, ya sa hannu biyu ya jawo wani baƙin dunƙule mai wari, ya kai nauyin maraƙi, ya ajiye a ƙasa.

Ya ce, "Ga ɗan naka. Sai ka sa masa suna."

Leda ce, ta cure ta toshe hanyar abinci. Saniyar ta mutu da yunwa, cikinta a cike. Naman jikinta bai cika kwano ba. A ranin nan ƙaramin yaron ya kwanta, ba nonon da zai riƙe shi, bai kuwa ga damina ba.

To, ga ma'anar misalin. Gonar ita ce ƙasar da Ubangiji ya ba mu amana, mu ci daga gare ta, mu kuma kula da ita. Tifar shara ita ce duk wani sauƙi da muke karɓa ba tare da mun tambayi abin da ke ciki ba. Saniyar ita ce abin da ke ciyar da mu, ba ta da bakin yin ƙara: rijiya, rafi, itace, dabba. Mutumin kuwa ba mugu ba ne. Yana zuwa sujada, yana son 'ya'yansa. Ya dai ga kumburi ya kira shi albarka, aka faɗa masa, ya fi mai faɗar ƙarfin murya.

Wataƙila wani zai ce wannan na mutanen ƙauye ne, mu nan mun waye. Madalla. Mu ne dai muke shan ruwan leda bayan sujada, mu ci alale ranar biki, mu sake ledar ta bi iska, mu tafi gida da zuciya mai tsarki.

A makon jiya akuyar mai gadin cocin nan ta mutu. A harabar nan take kiwo.