Ranar Ɗaga Jinkar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama surutun.

Ta zo mu ji ta, Iya!

A garin su Gizo, idan jinkar ɗakinka ta tsufa, a ƙasa kake haɗa sabuwa ka baibaye ta da shuci, sannan ka kira gayya a ɗaga a ɗora maka. Kai kuma ka ciyar da jama'a.

To, jinkar Gizo ta zama rariya. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Malam, bara da ƙwarya a ka na yi damina. Ruwan bana ya sake dukana a cikin ɗaki, wallahi gidanmu zan tafi."

Gizo ya ce, "Kwantar da hankalinki. Wa ya kai ni zuwa gayya a garin nan?"

Gaskiyarsa, zuwa kam yana zuwa, bawan Allah. A gidan Kunkuru, da jinka ta tashi sama, ya shige ƙarƙashi ya miƙa hannuwa. Ko tsinke bai taɓa ba, amma nishinsa har bayan gari. Da aka kawo fura, shi ya ga gindin ƙwarya.

A gidan Dila ya ce wuyansa ya sage, shi zai ba da murya. "Ku ɗaga! Kai Ɓauna, duk girman nan na banza ne?" Tuwo kuwa ya wuce ta wuyan nan lafiya lau.

A gidan Bushiya sai gwanin naku ya ƙaro ilimi. Ya kama tsaikon jinkar ta ciki ya maƙale, aka ɗaga har da shi. Bushiya gajeriya ce, ta hango ƙafafunsa suna lilo. Da ya tafi, ta kwashe labari ta faɗa wa sauran.

Ana nan, Ƙoƙi ta yanko shuci ta yanta, ta haɗa jinka ita kaɗai, mai gida yana inuwa yana gyara mata kuskure. Ranar gayya da sassafe ya hau ya yaye tsohuwar jinka, ya ce a hura wutar tuwo da ita.

Ƙoƙi ta ce, "Ga hadari a gabas. Ka bari su zo tukuna mana."

Ya ce, "Ke dai tuƙa tuwo. Garin nan kaf nawa ne."

Suka zo kuwa, babu wanda ya makara. Suka kewaye jinka, suka durƙusa, kowa ya kai hannu kusa da bakinta. Sai nishi! Ɓauna har da zare ido. Jinka ko gezau.

Gizo ya ce, "Ku kama mana!"

Kunkuru ya ce, "Ai kamun da ka koya mana ke nan."

Iska ta taso. Gizo ya ce a sake. Sai duk suka ja da baya suka dafe wuya, kowa yana ihu, "Ku ɗaga! Ku ɗaga!"

Gizo ya ce, "To wa zai ɗaga?"

Dila ya ce, "Oho. Mu masu murya ne."

Yayyafi ya soma. Gizo ya tsorata sosai, ya shiga roƙo da Allah da Annabi. Bushiya ta ce, "Kai, ku ji tausayinsa, mu yi masa irin ta gidana." Suka haye kan jinka suka zauna daram, suka ce, "Bismilla Gizo, ɗauke mu."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. 'Yan gayya suka sauko, kowa ya ɗauki malmala biyu, suka yi wa uwargida sannu da aiki, suka watse.

Ƙoƙi ta tsaya tsakiyar ɗaki ruwa yana dukanta. Ta naɗe jiƙaƙƙiyar tabarmarta, ta ɗora tukunya a ka. Gizo ya bi ta har bakin zaure yana cewa gobe zai gyara. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ginin ya sha ruwa ya zube. Tun daga ranar Gizo ba shi da ɗaki, ba shi da mata, sai raɓewa a jinkar mutane, a kai masa tsintsiya ya koma wata.

Kun dai ji. Wanda ya je aikin jama'a da baki da ciki ya bar hannuwansa a gida, ranar nasa aikin haka za a zo masa.

Ta ƙare, ƙungurus kan kusu. Kowa ya nemi tabarmarsa.