Makirufon Malam Ɗan'azumi da Zakaran Bakin Taga

Akwai wani mutum a unguwar Gyadi-Gyadi mai suna Malam Ɗan'azumi, wanda Allah Ya hore wa murya. Shi ne mai gabatarwa a wajen ɗaurin aure da walima, kuma ko lasifika ta lalace ba ya damuwa, domin na ƙarshen layi ma yana jin sa. Baiwar gaskiya ce. Aibinsa shi ne ya san da ita fiye da kima.

Matarsa Hajara kuwa mai sanyin murya ce. Idan ta yi magana yakan kama kunnensa ya ce, "Maman Fiddausi, ɗaga wannan muryar sauron taki mana." Ita kuma sai ta yi murmushi ta maimaita.

Wata rana bayan wata walima a Tarauni, wata baiwar Allah ta sa aka kai ta wurinsa. Sunanta Malama Safiya. Ba ta gani tun tana ƙarama, kuma tana koyar da mata goma sha biyu masu lalura irin tata. Ta ce masa ɗalibanta za su zauna jarrabawa nan da mako biyu, littafin karatun kuwa ba a buga shi da rubutun makafi ba. Tana neman wanda zai karanta shi a naɗa, domin su saurara a wayoyinsu. Dole ya kammala nan da Asabar mai zuwa, don su sami mako guda na bita.

Malam Ɗan'azumi ya gyara hula ya ce, "Malama, kin zo inda ya dace. Kwana uku ya ishe ni."

Washegari ya sayo makirufo mai kyau, ya jona shi da kwamfutarsa. Ya kafa shi a kan tebur a tsakiyar falo. Ita kuwa kwamfutar, da yake takan yi zafi, sai ya ja igiyar ya kai ta can bakin taga don ta sha iska. Ya karanta babi biyu cur, ya tura wa Malama Safiya.

Ba a jima ba ta kira shi.

"Malam, karatu ya yi kyau, Allah Ya saka da alheri. Sai dai muryar ta yi ƙasa ƙwarai, kamar kana cikin rijiya."

"Muryata?" in ji shi. "Ƙara sautin wayarki dai."

"Na ƙure shi. Malam, a ina ka ajiye kwamfutar?"

"Malama, bar wannan a hannuna," ya faɗa, ya kashe wayar. Sannan ya dubi matarsa ya ce, "Ji wata tambaya! Wadda ba ta taɓa ganin kwamfuta da idonta ba ita ce za ta koya mini wurin ajiye ta?"

Hajara ta ce, "Ai da ka amsa mata, Malam. Tambaya ce kawai."

Bai saurare ta ba. Ya yanke hukunci cewa makirufon ne jabu. Ya koma shagon ya yi ta faɗa har aka canza masa wani. Ya dawo ya gwada, zanen sautin da ke kan kwamfutar bai wuce siririn zare ba. Sai ya ce to, abin na ƙarfi ne.

Ranar Talata ya karanta babi na ɗaya da irin muryar da yake sanar da sadaki. Ranar Laraba ya karanta shi da ihu, har wata maƙwabciya ta leƙo tana sallama, tana tambayar Hajara ko lafiya. Hajara ta ce, "Lafiya lau, karatu Malam yake yi." Matar ta ce, "Wannan karatu ko dambe?"

Ranar Alhamis da safe ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, sai iska kawai ta fito. Murya ta dishe gaba ɗaya. Saura kwana biyu, babi tara na jira, ko ɗaya babu mai sauraruwa. Hajara ta dafa masa citta da zuma, ya sha yana zare ido.

Da hantsi sai ga sallama. Malama Safiya ce, ta hawo adaidaita sahu tun daga Tarauni da sandarta. Hajara ta riƙo hannunta ta zaunar da ita. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, na ji shiru ne. Ɗalibaina kullum sai sun tambaye ni."

Ya yi ƙoƙarin bayani, abin da ya fito bai fi raɗa ba.

"Subhanallahi! Sannu, Malam. To, ba sai ka yi magana ba, ni zan yi. Na saurari abin da ka turo sau uku. Kuna da zakara, ko?"

Hajara ta ce, "Muna da shi."

"Kuma akwai injin markaɗe a bayan gidan nan, da wani mai tallan yalo da ke wucewa wajen ƙarfe goma?"

Hajara ta fashe da dariya. "Wallahi haka ne, Malama!"

"To, su duka ukun sun fi Malam fitowa. Zakaran ma kamar a kafaɗata yake cara. Abin da ke sauraron Malam yana kusa da taga ne, ba kusa da bakinsa ba. Shi ya sa na yi tambayar nan. Malam, kunna naɗin, ka ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa, Maman Fiddausi ta gaya mini abin da zanen ya yi."

Ya ƙwanƙwasa. Hajara ta ce, "Ko motsi bai yi ba."

"Yanzu ke ki ƙwanƙwasa jikin kwamfutar."

Hajara ta taɓa ta sau biyu, zanen ya yi tsalle har sama.

Malama Safiya ta ce, "Kun gani? Kwamfuta tana da ɗan ƙaramin makirufo a jikinta, kuma da shi take ji har sai an umarce ta da ta sauya. Wannan babban da ka saya, tun ranar farko bai ji ko kalma ɗaya daga bakinka ba."

Malam Ɗan'azumi ya dubi makirufon da ya kwana uku yana yi wa tsawa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Daga nan ta bi da shi daki-daki, domin ita ma da kwamfuta take aiki, tana da manhajar da ke karanta mata abin da ke kan allo. Ta ce ya shiga wajen saitin sauti, ya nemi inda ake zaɓar abin da ke ɗaukar murya, ya zaɓi sunan sabon makirufon. Ya tarar ma'aunin ƙarfinsa yana can ƙasa, ta ce ya ja shi zuwa kashi uku cikin huɗu, kada ya ƙure don kar sauti ya fashe. Ta ce a rufe taga, mai karatu kuma ya bar tazarar tafin hannu tsakanin bakinsa da makirufo.

"Saura gwaji," in ji ta. "Malam ba murya. Maman Fiddausi, zo ki karanta mana layi biyu."

Hajara ta ce, "Ni? Ai muryata ta sauro ce, Malam ne shaida."

"Zo dai."

Ta zauna ta karanta sakin layi guda a hankali, yadda ta saba magana. Da aka kunna, sai murya ta cika falon, tas, kowane harafi a wurinsa. Malama Safiya ta tafa hannu ta ce, "Alhamdulillahi! Ga mai karatunmu."

Malam Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai. Da raɗar da ta rage masa ya ce, "Malama, ki yafe mini. Na faɗi magana a kanki wadda ba ta dace ba." Ta ce, "Na yafe, ko ban ji ta ba. A dai fara aiki, lokaci na tafiya."

Haka aka yi. Alhamis da Juma'a Hajara tana karatu, mijinta yana buɗa mata shafi yana danna maɓalli, shi ne kuma mai korar zakara. Ranar Asabar kafin azahar babi tara suka isa wayoyin ɗalibai.

Bayan jarrabawa Malama Safiya ta kira da albishir cewa goma sha ɗaya sun ci, kuma akwai littafi na biyu. Lokacin muryarsa ta dawo, sai ya gyara zama ya ce a shirye yake.

Ta ce, "Madalla, Malam. Sai dai ɗaliban sun roƙi a bar musu Anti Hajara. Kai kuma sun yaba da yadda kake buɗa shafi ba a jin ƙara."

Ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa wa matarsa wayar. Tun daga ranar ba a sake jin kalmar sauro a gidan ba, sai dai idan na gaske ne ya shigo.

Darasi: Idan abu ya ƙi yi, ka tsaya ka bincika kafin ka ɗaga murya, kuma ka amsa tambayar wanda ka raina, domin wataƙila ya lura da abin da ya wuce ka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu yi wa na'ura da iyalinsu tsawa.