Dalilin da Ya Sa Ganyen Tafasa Ba Shi da Tsini

Dalilin da ya sa ganyen tafasa yake da kai a dunƙule, na rai-ɗore kuma yake da tsini da wari, shi zan gaya muku. Ku aje ganyen da kuka tsinko nan gabana, ku matso.

A da can, tafasa da rai-ɗore kamarsu ɗaya. Tsawo ɗaya, fure ruwan ɗorawa iri ɗaya, ganyen kowacce da tsini, kuma babu mai wari. Bambancin yana cikin baki. Tafasa abinci ce, rai-ɗore kuwa ɗaci gare ta, wanda ya ci ta da yawa sai ya wuni riƙe da ciki. Mata masu kaifin ido kaɗai ke gane su, don koren tafasa ya ɗan fi haske.

To, a wani ƙauye akwai tsohon wanzami, Barmo, da matarsa Tasalla. 'Ya'yansu sun yi aure a garuruwa masu nisa, su biyu suka rage a gida. Duk marka, idan rumbu ya yi ƙasa, kwaɗon tafasar Tasalla ke riƙe su har sabon gero ya nuna. Tana kuwa alfahari da kwaɗon nan.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana ta tsinko ganye a bayan gari, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ashe rabinsa rai-ɗore ne. Barmo ya kai loma, ya haɗiye da ƙyar, ya sake kai wata. Da ita ta ɗanɗana sai ta tofar, ta janye akushin.

"Malam, kake ci ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka sabon salo ne," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wadda ba ta iya tsinko abin miya ba, me ya rage mata? Gobe ka aika ɗiyarmu ta zo ta tafi da ni, kada in kashe ka."

Washegari da Barmo ya fito masallaci, maimakon gida sai ya rataya zabira ya nufi bayan gari. Shi idonsa bai taɓa sanin bambancin ganyen ba, don haka sai ya riƙa ɗanɗanawa. Wadda ya ji ɗaci ya wuce ta. Wadda ya ji ba ɗaci ya tsuguna, ya zaro aska, ya bi ganyenta ɗai-ɗai yana datse tsinin, yana kewaye shi kamar yadda yake gyara wa yaro ƙeya.

Ya dawo ya ce, "Tasalla, na lura da wani abu. Ashe tafasa ta gaskiya ba ta da tsini. Ki riƙa shafawa da hannu."

Ta fita ta shafa, ta tarar haka ne. Ran nan kwaɗo ya yi daɗi, maganar tafiya kuma ta mutu.

Amma ganye kullum sabo yake tohowa, sabo kuma da tsininsa yake fitowa. Dole Barmo ya riƙa sammako kowace safiya, raɓa na jiƙa shi har gwiwa, bakinsa na wuni da ɗaci. Ana nan masassara ta kayar da shi. Ya kwanta yana rawar sanyi, ko tashi ba ya iyawa. Maganin da ya saba yi wa mutane shi ne siracen rai-ɗore, ga shi babu mai tsinkowa sai Tasalla.

Ta ɗauki sanda da ƙwarya ta lallaba bayan gari. Ta shafa nan, tsini. Ta shafa can, tsini. Duk sababbin ganye ne, ba ta san abinci ba, ba ta san magani ba. Sai ta zauna a ƙasa a tsakaninsu.

Ta ce, "Ku ji, 'yan uwa. Na san shi yake yi muku aski. Ni nake wanke masa askar nan tun ina amarya, zan kasa jin ruwan ganye a jikinta? Na yi shiru ne don kada ya ji kunya. Yanzu ga shi kwance saboda ni. Ku taimake ni in gane ku."

A wancan zamanin tsirrai suna magana idan abu ya kai su yi. Tafasa ta ce, "Iya, daina kuka. Tsohon nan ya yi mini aski har na saba, kuma na ga ya yi mini kyau. Daga yau da kaina zan riƙa fitowa haka." Nan take ganyenta ya dunƙule a ƙarƙashin yatsun Tasalla.

Rai-ɗore ta ɗan yi fushi. Ta ce, "Ni kullum tofar da ni yake yi ya wuce, ko sannu."

Tasalla ta ce, "Yi haƙuri. Yau ke na zo nema."

Sai rai-ɗore ta sauko, ta ce, "To, ba komai. Zan riƙe tsinina. Ɗacin da ke cikina kuma zan fito da shi waje ya zama wari, kowa ya ji ni tun bai kai ni baki ba. Yara za su riƙa toshe hanci, na sani. Su toshe."

Warin ya bugi hancin Tasalla. Ta bi shi ta cika ƙwarya, ta ƙulle tafasa a bakin zane, ta koma gida. Ta tafasa rai-ɗore, ta lulluɓe Barmo da bargo ya yi sirace har gumi ya karyo masa. Da ya farfaɗo ta miƙa masa kwaɗo.

Ya ci, ya dube ta a tsorace, ya ce, "Wa ya tsinko miki?"

"Ni mana. Ba kai ka ce tafasa ta gaskiya ba ta da tsini ba?"

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ci abincinka, Malam. Gobe kuma in ka fito masallaci, gida za ka dawo."

Shi ya sa har yau tafasa take fitowa da askinta, rai-ɗore kuma da tsininta da warinta, ko da yake furensu bai sake ba. Ke Lantana, miƙo naki in shafa. Kin ji tsinin? Rai-ɗore ce wannan. Murza shi ki sansana. A'a, kada ki yar! Kai wa kakanku, tun jiya yake cewa jikinsa ba daɗi.