Jar Mota da Ruwan Fadama

An ce wai a zamanin da ake gina gadojin ƙasar nan, an yi wani Bature ɗan Italiya da ya zo aikin gada da wata jar motar tsere. 'Yan kaɗan aka ƙera irinta a duniya, kuma ta sha cin tsere a kan duwatsun ƙasarsu kafin ya ɗoro ta a jirgin ruwa. To amma hanyoyinmu ba su san girman kowa ba. Cikinta a ƙasa yake, ramuka suka karya mata ƙafa. Da Baturen zai koma gida, sai ya bar ta ajiya wurin direbansa Cindo, ya ce zai aiko a ɗauka. Shiru kake ji, har Cindo ya rasu.

Ɗansa Jatau ya gaji ajiyar. Gangar jikin dai kaji suka mayar wurin saka ƙwai. Injin kuwa, Jatau ya ciro shi ya kafa a bakin rafi, ya haɗa masa famfo, yana ba fadama ruwa. Kai jama'a! Injin da aka yi wa tafi a Turai, ga shi yana shayar da albasa. Amma fa ya ji daɗin hannun Jatau, don bai taɓa rasa mai ko gyara ba.

Ana tsakiyar rani, albasa na tsakiyar shan ruwa, sai ga jikar Baturen, Ornela, da tafintanta. Motar kakanta ta zo ɗauka, jiki da inji. Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai, domin in aka cire injin nan, gonarsa da ta maƙwabta duk ƙonewa za su yi. Magana ta kai gaban Alƙali Mu'azu.

Alƙali ya ce, “Jatau, kyauta ce ko ajiya?”

Jatau ya sunkuyar da kai. “Allah ya gafarta Malam, ajiya ce. Ba zan yi wa mahaifina ƙarya yana kwance a kabari ba.”

“To ajiya ta mai ita ce, babu ja.”

Jatau ya ga albasarsa ta tafi. Sai alƙali ya juya wurin Ornela. “Baiwar Allah, da an bar injin nan a jikin motar tare da kaji, yau me za ki tarar?”

Ta bakin tafinta ta ce, “Tsatsa. Ɗazu na ji ƙararsa a bakin rafi, lafiya lau yake, har na yi hawaye.”

Alƙali ya gyara zama. “Ashe ba ajiya kaɗai aka yi ba, kiwo aka yi. A ƙasar nan, in ka ba mutum kiwon saniya, uwar taka ce, nono na mai kiwo ne, kuma ba a ɗauke ta sai an yaye ɗan maraƙi. Nonon injin nan ruwa ne, 'ya'yansa albasar fadama. Ki ɗauki gangar jikin yau. Inji kuwa sai an cire albasa, kuma ranar da za ki ɗauke shi ki kafa wani a gurbinsa, domin uwa za ki tafi da ita, ba nono ba.”

Ornela ta yi dariya. Ta ce, “Ni ma 'yar ƙauye ce, mun yi kiwon shanu. Na yarda.”

Jatau ya sauke wata nannauyar ajiyar zuciya. “Alhamdu lillahi! Allah ya ƙara wa Malam basira.” Ko gama sallama bai yi ba ya zari takalmansa ya nufi fadama, don lokacin ban ruwa ya yi.

Ka mayar da amana ga mai ita, amma kada ka bar wanda ya raya ta da ƙishirwa.